Batir Ne, In Ji Majalisar Unguwa

A unguwarmu mota ba ta ƙin tashi a ɓoye. Ciwon kai za ka iya rufe ɗaki ka yi jinyarsa, bashi ma za ka iya ɓoye shi har ranar da mai shi ya yi sallama, amma ranar da ka murɗa makulli motarka ta yi gum, to, zancenka ya zama na jama'a. Ɗaga bonet shi ne gayyata. Kafin ka nemo sandar da za ka tokare shi, mai shayi ya bar tukunya, tela ya taso da tef a wuya, masu dawowa daga masallaci sun karkato, 'yan makaranta sun manta da lattin da suka yi. Kowa zai yi maka sannu, sannan kowa ya leƙa injin yana goye da hannuwa a baya, har da wanda ko keke bai taɓa mallaka ba.

Shari'ar kuwa ba ta ɗaukar lokaci. Tun kafin a tambaye ka abin da motar ta yi, wani daga can baya zai ce, "Alhaji, batir ne." Sauran su amsa, "Ƙwarai kuwa." An yanke ke nan, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara. A gaskiya sau da yawa muna dacewa, domin batir na kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mota tashi. Inda gizo ke saƙa shi ne, ko famfon mai ne ya mutu za mu ce batir ne, ko ɓera ne ya ci waya za mu ce batir ne, ko fetur ne ya ƙare ƙaf mai motar yana jin kunyar faɗa, batir ɗin dai za mu kama. Mu mutane ne masu taimako, wannan babu mai ƙwace mana. Abin da muka rasa shi ne haƙurin sauraren motar kafin mu fara ɗura mata magani.

Maganinmu na farko dutse ne. Wani dattijo zai naɗe hannun riga ya ce, "Kai yaro, miƙo min dutsen can." Ya ƙwanƙwasa kan batir sau biyu sau uku, ya ɗago ya ce, "Alhaji, gwada." Wani lokaci kuwa sai ka ji mota ta kama. Daga ranar dattijon nan ya zama injiniyan layi, ko fanka ce ta lalace shi za a kira. Alhali babu wani asiri a ciki. Kan batir ne ya yi sako-sako, ko kuma farin garin nan mai shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kansa ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Rediyo da fitilun dashbod wuta kaɗan suke ci, ko ta ƙanƙanuwar kafa za su kama. Kik kuwa, shi da ke juya injin, yana zuƙar amfiya fiye da 100 a cikin 'yan daƙiƙun nan, ba zai samu abin da ya ishe shi ta hanyar da datti ya toshe ba. Duka ya ɗan farfasa dattin, wuta ta wuce, dutse ya kwashe yabo.

Sai dai gyaran dutse na yini ɗaya ne, ɓarnarsa kuwa ta daɗe. Kan batir dalma ce, kuma dalma tana da laushi. Yau duka gobe duka, sai ya lotse, gindinsa ya tsage, tururin asid ya riƙa fita ta nan, garin da ake yaƙi da shi ya ƙaru. Maɗaurin ma ya buɗe ya daina kamawa. Mu kuma ba ma rasa dabara: a cusa ƙusa, a yanko gwangwanin madara a naɗa. Akwai motocin da in ka duba kan batirinsu za ka iya faɗin irin madarar da ake sha a gidan. Aikin gaskiya kuwa bai fi na minti goma ba. A kashe mota, a ɗauko sifana, galibi lamba 10, a fara kwance kan da ke da alamar −, sannan mai alamar +. A wanke da ruwan ɗumi da ɗan sodar da ake sa wa kek, a kula kada ya shiga cikin batirin, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a mayar da mai + tukuna sannan mai −, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Dalilin fara cire mai − shi ne, shi ke haɗe da jikin mota. In yana nan ka sa sifana a ɗaya kan, sifanar ta taɓa ƙarfen mota, za ka ga tartsatsin da ba ka shirya masa ba.

In dutse ya gaza sai turi, kuma a nan ake gane zumuncin unguwa. Masu turi kashi uku ne. Akwai masu turin gaske, su ne yawanci samari biyu da wani almajiri. Akwai masu ɗora yatsa a kan but suna nishi fiye da kowa. Sai kwamanda, wanda ba ya taɓa motar sam, yana tafe a gefen direba yana ba da umarni: "Sa ta a tu! Kar ka saki kuloci tukuna! Yanzu! Saki!" Mota ta yi fizga, ta yi tari, ta kama. Mai ita ba zai iya tsayawa godiya ba don kada ta sake mutuwa, sai ya fito da hannu ta taga ya kaɗa, ya bar jama'a cikin hayaƙi. Akwai waɗanda turi ya zame musu tsarin rayuwa. Ba sa fakin sai a gangara, hancin mota yana kallon ƙasa. In suka zo ɗaurin aure za ka ga sun wuce inuwa mai kyau sun je can kan tudu cikin rana. Direbobin haya kuwa sun ƙware, fasinja ya biya kuɗin mota, ya sauko ya tura, ya bi ta da gudu ya shiga, kuma babu ragi.

Gado muka yi. Mun taso da Fijo 504 da 505 waɗanda a da ake haɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki tun 1975, motoci masu kafireto da giyar hannu, waɗanda in batirinsu na da ɗan numfashi kaɗan, turi ya wadatar. Kakanninmu ma da hannu suke juya injin manyan motoci ta gaba, duk da cewa kik na lantarki ya fito tun 1912 a motar Cadillac a Amurka, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. To amma motocin da suka cika layinmu yau, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, mafi yawansu otomatik ne. Otomatik ba ta da kulocin da zai haɗa taya da injin in ka sake shi. Ko daga Kano za a tura ta zuwa Zariya, tafiya kawai za ta yi. Mai giyar hannun ma, in ta zamani ce, famfon mai da ƙwaƙwalwarta suna buƙatar wuta, in batir ya mutu murus turi ba ya tashe ta. Duk da haka har gobe za ka ga ƙarti shida sun haɗa gumi a bayan otomatik, kwamanda yana ta kiran a saki kulocin da babu shi.

Daga nan sai aron batir. "Maƙwabci, don Allah ara min naka in tayar, yanzu zan dawo da shi." Babu mai iya cewa a'a. Bakinsa zai ce, "Haba, ba komai," idonsa kuma yana bin batirin har a fita da shi daga gida. A ciro na mara lafiya, a ɗora na aro, mota ta tashi, sannan a zo ga wasan da muka fi alfahari da shi: a cire na aron injin yana aiki, a yi maza a mayar da mataccen. Ƙanin wannan wasa shi ne gwajin caji. Wani zai ce, "Cire kan batir mu gani. In ta mutu, ba ta caji." Tsofaffin motoci sun jure mana wannan, shi ya sa muka ɗauka ilimi ne. A motar zamani batir shi ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa. In aka cire shi injin na juyawa, wutar na iya yin tsalle ta ƙone kayan cikin altanetar, ko ta taɓa ƙwaƙwalwar mota. Ƙwaƙwalwar kuwa in ta ƙone, sai an nemo irinta sak, wani lokaci har da makullinta, kuma sai mutum ya yi kewar ranar da batir ne kawai matsalarsa.

Abin da ya kamata ya maye gurbin wannan duka shi ne waya biyu masu kauri, ja da baƙa, masu bakin kama ƙarfe. A kusanto da motar maƙwabci ba tare da motocin sun taɓa juna ba. Ja ta kama + na mataccen batir, ɗaya bakinta ya kama + na mai lafiya. Baƙa ta kama − na mai lafiya, ɗaya bakinta kuma ya kama wani tsiraran ƙarfe a jikin injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batir. A tayar da mai lafiya, a ba ta 'yan mintuna, sannan a gwada ɗayar. Wajen cirewa a fara da wadda aka sa a ƙarshe. Kada a yarda da launin wayar da ke jikin motar, domin wani mai wayarin ya riga ya canza ta da wadda ya samu, a duba alamar da ke jikin batirin kanta. Juya kan batir ko na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙone babban fiyus da abin da ke bayansa. Batir kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, musamman in yana caji. Don haka mai sigari ya ja baya, mai ƙyasta ashana don ya haska mana da daddare, Allah ya saka masa da alheri, ya kunna fitilar wayarsa.

A bakin layinmu akwai wani tsohon bakanike da ya daina shiga ƙarƙashin mota, sai dai ya zauna a benci yara su yi aikin. In aka kira shi wajen irin wannan taro, abin da yake fara yi shi ne ɗaga hannu. "Jama'a, ku yi mana shiru. Alhaji, murɗa." Ya karkata kunne. Samari su ce, "Baba, me ka ji?" Shi kuwa a wurinsa kowace ƙara da ma'anarta. In an murɗa an ji tsit, dashbod duhu, hon ba ya ƙara, to wuta ba ta fitowa daga batir ko kaɗan: ko kan ya kwance, ko batirin ya sauka gaba ɗaya, ko babban fiyus ya tsinke. In aka ji kat-kat-kat da sauri, fitilun dashbod suna ƙyaftawa, wutar tana nan amma ba ta isa ba, a duba kan batir da ƙarfin batirin. In injin yana juyawa da ƙyar, yana ja yana nishi, ko batir ya yi rauni, ko kuma wayar nan mai kauri da ke haɗa batir da jikin mota da injin ta yi tsatsa ko ta saki. Wannan wayar ta sa mutane da yawa sun sayi batirin da ba sa buƙata.

In kuwa ƙwas ɗaya aka ji, sannan shiru, sai Baba ya ce a kunna manyan fitilu a sake murɗawa. Fitilu suka dushe sosai, a koma wajen batir. Suka tsaya da haskensu garau, a sallami batir, kik za a tuhuma: ko buroshinsa sun cinye, ko abin da ke tura haƙorinsa ya maƙale. Shi ya sa in aka ɗan bugi jikin kik da sifanar taya yakan tashi, amma wannan gargaɗi ne, ranar da zai ƙi ji tana tafe, kuma ba a ƙofar gida za ta zo ba. Akwai kuma ranar da dashbod zai kama tar, a murɗa ba a ji ko ƙwas ba. Sai Baba ya sunkuya a ladabce ya ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, duba min giyar nan, tana kan P kuwa?" Otomatik ba ta tashi sai a P ko N, kuma in makunnin da ke gane matsayin giyar ya fara gajiya, mayar da ita N kan sa ta tashi. Wannan tambaya ba ta mata kaɗai ba ce, Alhazai da yawa sun amsa ta da kunya. Masu motar da ake danna wa maɓalli kuma, sau da yawa ɗan batirin nan mai faɗin kwabo da ke cikin makullin ne ya ƙare, alhali an tara jama'a a kan babban.

Shari'ar da ta fi ba ni dariya ita ce ta motar da ke juya injin da ƙarfinta, wir-wir-wir, amma ta ƙi kamawa. Batirin da ya iya wannan juyi ai ya wanke kansa. Laifin na wajen mai ne ko wajen tartsatsi: famfon mai, fiyus ɗinsa, kwayil, fulogi, ko na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda injin yake a juyinsa. A motoci da yawa in ka murɗa makulli rabi ka yi shiru, za ka ji famfon yana ɗan gurnani na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. In ba ka ji ba, ka san inda za ka fara. Mu kuwa me muke yi? "Ƙara murɗawa! Taka totur! Kar ka saki!" A yi ta murɗa har kik ya yi zafi, alhali bai kamata a wuce daƙiƙa 10 ba tare da an ba shi hutu ba. Bayan rabin awa batir mai lafiya ya sauka, an fara jin kat-kat-kat. Sai mutumin nan na can baya ya gyara hula ya ce, "Ba na faɗa muku ba? Batir ne."

Duk wannan gardama ƙaramin mita ɗaya ke kashe ta, kuma kuɗinsa bai kai na rabin tankin fetur ba. Batirin dalma da asid, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, har yau tsarinsa ɗaya ne: na mota ɗakuna shida gare shi, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1. Don haka in mota ta kwana ba a tashe ta ba, cikakken batir zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. In an yi masa caji ya dawo ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, kuma babu mai tashinsa. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In injin ya tashi, mita ya nuna tsakanin 13.8 da 14.5, caji na tafiya daidai. Bai kai 13 ba, altaneta ba ta ciyar da shi. Ya haura 15, tana dafa shi ne. Namu gwajin kuwa shi ne a ɗauko guntuwar waya a haɗa kawunan biyu, in ta yi tartsatsi a ce, "Da sauransa." Batirin da ba zai iya juya injin ba ma yana tartsatsi, kuma ga iskar nan mai kamawa da wuta a kusa da fuskar mai gwajin.

Batir randa ce, altaneta kuma mai garuwa. In mai garuwa ya daina zuwa, ko sabuwar randa ka sayo kwana biyu za ta yi ta ƙafe. Motar kuwa ba ta ɓoye wannan. Jar fitilar nan mai hoton batir da ke kamawa a dashbod ana cikin tafiya, cewa take yi caji ya tsaya, wataƙila fambel ya saki ko ya tsinke, wataƙila altanetar ce da kanta. Mu kuma mun gano cewa in aka jingina katin ɗaurin aure a wajen, fitilar ba ta damun kowa. Bayan kwana biyu mota ta mutu a tsakiyar danja, a sayi sabon batir, mako bai cika ba shi ma ya sauka, a koma ana yi wa mai shago faɗa wai ya sayar da jabu. An bar jaki ana dukan taiki.

Hunturu ma yana shan zargin da ba nasa ba. Da sanyi ya sauka, safiya ɗaya za ka ga bonet uku a ɗage a layi ɗaya, kowa yana cewa sanyi ya kashe masa batir. Bazara ce ta kashe shi. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, balle a ƙarƙashin bonet. Zafin nan shi ke ƙafar da ruwan batir, ya ci farantan dalmar da ke ciki. Sanyi kawai ya zo ya daskarar da baƙin mai, ya rage wa batir kuzari, ya tona abin da zafi ya riga ya aikata. Shi ya sa batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a ƙasashen sanyi, a wajenmu in ya yi biyu zuwa uku sai a gode wa Allah.

Sauran kuma mu ne da hannunmu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, motoci da yawa suka koma kayan ado, ba a fito da su sai Juma'a ko biki. Batir kuwa ko ba a taɓa shi ba yana sauka a hankali, ga agogo da rediyo da na'urar tsaro suna tsotsa dare da rana, kuma in ya daɗe a sauke yakan ƙi karɓar caji har abada. Wai muna ɗumama mota, a tashe ta minti biyu a kashe, alhali abin da kik ya ciro bai ma koma ba. Tafiyar rabin awa a mako ta fi masa, in kuwa ajiyar za ta yi tsawo a cire kan −. In an ɗauke wuta kuma batirin mota ne ke kunna talabijin ranar ƙwallo, shi ke riƙe lasifika ranar walima, shi ke cajin wayoyin gida. An ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa a ɗan lokaci a mayar masa nan take. Zuƙe shi har ƙasa sau da yawa yana gajarta masa kwana.

Akwai kuma ɓarayin cikin gida. Mota lafiya lau da yamma, da safe babu wuta. Fitilar but ce ba ta mutuwa in an rufe, ko sifikun da yaron gida ya sa aka haɗa kai tsaye da batir don unguwa ta san ya iso, ko fitilun ado, ko altaneta mai lalataccen ciki da ke mayar da wuta baya cikin dare. Mai wayarin na ƙwarai zai sa mita a tsakanin batir da wayarsa, ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda zubar ta tsaya. Na banza kuwa zai yanke, ya murɗa, ya naɗe da leda, ya ce an gama. Fiyus in ya tsinke, faɗa maka yake akwai wayar da ke taɓa inda bai kamata ba. Mu sai mu naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, mu ce mun yi dabara. Daga nan abin da zai ƙone ba fiyus ba ne kuma, wayarin ɗin motar ne, wani lokaci motar dungurungum. Ɓeraye ma suna da nasu kason, musamman a motar da aka mayar rumbun ajiye buhun masara.

Wajen ruwan batir kuwa kowa likita ne. Wani ya ce a ƙara asid, wani ya ce a zuba fiya wata, wani ya rantse da ƙwayar ciwon kai, wani ya ce a shanya shi a rana. Abin da ke ƙafewa a cikin batir ruwa ne, asid ɗin yana nan. Don haka tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, har ya rufe farantan, domin ruwan leda da na burtsatse suna ɗauke da ma'adinan da ke ɓata su. Wanda aka rufe shi ruf daga masana'anta ba a buɗe shi. Muna kuma da dokar nan mai ƙarfi cewa ba a ajiye batir a ƙasa sai a kan katako, wai ƙasa tana shanye wuta. A zamanin da jikinsa ba na roba irin ta yau ba ne maganar tana da tushe. Yau ƙura da danshin da suka kwanta a samansa, tsakanin kai da kai, su ke satar wuta, kuma su ba mai goge su.

In saye ya zama dole, ko Ƙofar Ruwa ta Kano ka shiga ko Fanteka ta Kaduna, za ka samu kowane girma. Mu dai babba muke so. Ƙaramar motar da aka yi wa gurbin mai amfiya 45, sai an ɗora mata mai 75, ya ƙi zama, a ɗaure shi da robar tiyub. Batirin da ba a ɗaure da maɗaurinsa ba, ramukan hanya za su girgiza shi har farantansa su zube, in ma kansa bai taɓa bonet ba. A sayi daidai gurbi, a duba ranar da aka ƙera shi, a sa mita kafin a biya, a karɓi rasit. Tsohon kuma a ba mai shago a rage kuɗi, kada a bar shi a tsakar gida yara na wasa da shi, kada kuma a fasa shi a zubar da ruwan a kwata. Dalma guba ce. Mutanen Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400.

Don haka masu mota, a samar wa but abu huɗu: sifana lamba 10, wayoyin nan ja da baƙa, 'yan fiyus na ko-ta-kwana, da ƙaramin mita. Ranar da ta ƙi tashi a fara da kunne, a bi da kan batir, a ƙare da awo, kafin a taɓa aljihu. Wanda ya sayi sabon batir bai auna cajin motarsa ba, ya fara tanadin kuɗin wani.